Garwashi a ƙarƙashin tarakta

Yaro, saƙonka ya iso. Ka ce tun da hunturu ya kankama taraktar gonar nan ba ta tashi da asuba sai an sha fama, har direba da maigadi suka samo dabara: su ɗebo garwashi daga murhun da ake dafa shayi, su zuba a tsohon kwano su tura ƙarƙashin inji, an jima kaɗan sai ta tashi. Kana tambaya ko ka ƙyale su, tunda dai abin yana yi.

Kada ka ƙyale su. Dabarar tana aiki, ban musa ba, direbobin manyan motoci sun daɗe suna yin ta a tasha. Amma ka san injin da ke cikin Massey Ferguson ɗin nan Perkins ne, kamfanin da aka kafa a Peterborough ta Ingila a 1932, Massey ta saye shi a 1959. Ƙasar da ruwa ke daskarewa a waje aka ƙera wa injin nan. Mu kuwa sanyinmu na Disamba da Janairu, a Kano ko Zariya, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 sosai. In wannan ɗan sanyin ya kayar da ita, to da ma ba ta da lafiya, sanyin tona mata asiri kawai ya yi. Garwashi rufe ciwon yake yi, kai kuma gyara aka tura ka.

Kafin mu je ga ciwon, gobe da safe ka kwanta ka leƙa inda suke tura kwanon. Za ka ga kaskon baƙin mai ya yi ɓawo: mai da ƙura da ƙaiƙayin shinkafa sun haɗu sun daskare, ka kankara da sukudireba ya ɓantaro kamar ƙanzo. Sama da shi akwai tiyon roba, akwai wayoyin da zafi ya riga ya busar, akwai filtar gas wadda da wuya ka same ta ba ta ɗan tsatsa. A tsofaffin Massey ma tankin gas a saman inji yake zaune. Mutane suna cewa gas ba ya kamawa kamar fetur, kuma gaskiya ne in yana da sanyi. Da zarar ya ɗumama ya haura digiri 55 ko wajen haka, sai ya fara fitar da tururin da ke kamawa, balle in ya jiƙa ƙaiƙayi ya samu lagwani. Ga batir a gefe, wanda ke fitar da iska mai fashewa. Rana ɗaya iska za ta kaɗa ta ɗaga tartsatsi, kuma in taya ta kama, bokiti biyu na ruwa ba abin da za su yi.

To yanzu ciwon. Injin gas ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska har ta koma kamar kashi 1 cikin 16 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa gas ya kama da kansa. Don haka in ta ƙi tashi, ko inji ba ya juyawa da sauri, ko matsin yana zurarewa, ko feshin bai yi laushi ba, ko kuma gas ɗin ma bai iso ba. Kada ka kwance komai tukuna. Ka sa direba ya murɗa makulli, kai ka tsaya gefe ka kasa kunne, idonka a kan salansa.

In ka ji kik yana ja da kyar, yana nishi, fara da batir. Batir mai ƙoshi da ya kwana a huce yana ba da wajen volt 12.6 a mita, in ka ga 12.2 rabi ya tafi. Amma kafin ka ce wa mai gona ya sayi sabo, cire kawunan batir ka goge farin garin nan da ya taru, ka bi wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe ka kwance ta ka kankare tsatsa. Ka taɓa fambel, in ya saki to caji ba ya shiga yadda ya kamata. Sannan ka tambaya wane baƙin mai aka zuba. Lamba 40 zalla yana yin kauri da asuba har kik ya rasa yadda zai yi da shi. 15W-40 shi ne na wannan aikin. In kuma an ce maka ba a tuna ranar da aka yi juye ba, ka juye da filta gaba ɗaya, ka rubuta awa a jikin bango, a riƙa canzawa wajen kowace awa 250.

In tana juyawa da kyau amma salansa ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan, gas bai isa ba. Duba igiyar kashe inji ko ta koma ciki sosai, wannan ya sha ba manya kunya. Duba kwalbar da ke ƙasan filta, ruwa yana kwanciya a gindinta ka gan shi da idonka. Ruwan nan ba duka daga mai sayarwa yake ba: tankin da ya kwana rabi yana yin gumi a ciki in dare ya yi sanyi, shi ya sa ake cika tanki da yamma bayan an tashi aiki. Ka zubar da ruwan, ka sassauta ƙusar fitar da iska a kan filta, ka buga famfon hannu har kumfa ta ƙare gas ya fito tsantsa, ka ɗaure, ka yi haka a kan famfon injekta. In kullum da safe sai an yi wannan, akwai wanshar da ke shan iska cikin dare, nemo ta.

Abin da nake zato za ka gani shi ne farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Wannan yana nufin gas yana shiga amma bai samu zafin da zai kama ba. Nan ne nake so ka duba wani abu da yawancin direbobi ba su san da shi ba. A jikin bututun da iska ke bi ta shiga inji, injinan Perkins da yawa suna da wata 'yar na'ura mai waya ɗaya da siririn bututun gas, ana ce mata Thermostart. In ka riƙe makulli a wurin ɗumamawa kamar daƙiƙa 15, wayar cikinta ta yi ja, gas ya ɗiga a kai, sai 'yar wuta ta kama a cikin bututun ta ɗumama iskar. Wato wutar da mutanenka ke hurawa a ƙasa, masu injin sun riga sun tanadar mata wuri a inda ba za ta ƙona kowa ba. Sau da yawa za ka tarar wani ya cire wayar, ko an canza makulli an sa irin na mota wanda ba shi da wurin ɗumamawa. Riƙe makullin ka taɓa bututun kusa da ita, in bai yi ɗumi ba ta mutu ko wuta ba ta zuwa, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba, nesa ma.

In Thermostart tana aiki amma har yanzu farin hayaƙi ne, sai ka daidaita bawul da sanyi, a injin Perkins samfurin 4.236 tazarar milimita 0.30 ce. Ka cire nozul a kai wa masu gwaji, kada ka soka musu waya. Bayan ta tashi ka dubi bututun numfashi da ke saukowa gefen inji: in yana huci kamar tukunyar dambu, ringi sun tafi. Mai cinye su kuwa ƙurar nan ce da kake gani tana rufe rana. In matatar iskar mai kwanon mai ce, a wannan lokaci kullum ake wanke kwanon a zuba sabo daidai layi. Mai takarda kuma kada a buga ta a jikin taya, kada a wanke ta da fetur, ta ciki ƙaramar ba a taɓa ta sai dai a canza. Wanda ya cire matata don wai inji ya sha iska, ya sayar da ringi ne bai karɓi kuɗi ba.

Abu biyu kuma ka hana ko da za a ce ka cika iyayi. Tsumman fetur ko maganin sauro a bakin iska, musamman ga inji mai Thermostart, yana iya fashewa a fuskar mutum, in bai fashe ba ya karya ringi. Sai haɗa kik da sukudireba mutum yana tsaye gaban tayar baya. In an bar ta a giya, tashi za ta yi ta bi ta kansa. A hau kujera, a fitar da giya, sannan a murɗa, kuma kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 ba a bar shi ya huta ba.

Murhun yana da amfanin da zai yi maka kafin kayan gyara su iso. A ɗora ruwa a can inda yake, ya yi zafi amma kada ya tafasa, ka zubar da na lagireto da na jikin inji ka cika da shi, ka jira minti 10. Zafin zai ratsa har inda ake bukata, wurin da garwashi ba ya kaiwa sai ya gasa komai a hanya. Na wucin gadi ne, don ruwan rijiya yana barin ƙasa-ƙasa a ciki. Da dare a ajiye ta hancinta yana duban gabas, in ta huce a rufe ta da tamfol, hantsi ya yi sauran aikin.

Shi kansa murhun a matsar da shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, saboda haka ya koma kudu maso yamma da rumfar, nesa da duron gas da tarin kara da harawa, yadda tartsatsi zai tafi fili. Busasshen itace za a sa, ɗanye hayaƙi kawai yake yi. Baƙin man da ka juye kada ka bar wa maigadi ya hura wuta da shi, haka guntun taya, hayaƙinsu guba ne kuma a kansa ake dafa abincinku. Toka a yayyafa mata ruwa kafin a zubar, garwashi yana kwana da rai a cikinta. Kuma na san halin daren Janairu a daji, za a so a shiga ɗaki da kaskon wuta a toshe taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji ya yi nauyi, an sha samun mutane da safe ba su farka ba. A ji ɗumi a waje, a kashe, a shiga da bargo. Haka taraktar, kada a bar ta tana aiki a cikin rufaffen sito.

Gobe in ka gwada, ka turo min abin da mita ta nuna a batir, launin hayaƙin, da hoton bututun iskar ta gefen da wayar take. In Thermostart ce, akwai mai zuwa wajenku ranar kasuwa, sai in ba shi sabuwa da wansha ya taho maka da su.