Yaushe Raguwar Ciniki Ke Zama Abin Bincike?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, yara biyu ne ke tsare da shi. Yau a kawo mini cinikin naira dubu 450, gobe dubu 330. Ta yaya zan gane ko yanayin kasuwa ne, ko kuwa ana yi mini ɓarna?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Cinikin rana ɗaya ba ya isa hujja a kan kowa, domin kowane shago yana da hawa da saukar da ya saba yi, kuma sai ka san girmansu kafin ka ce wata rana ta fita daban. Masu bincike suna auna wannan da ma'aunin kaucewa daga matsakaici, wanda suke kira sigima.

Ka ɗauko littafin cinikinka na wata biyu ko uku, ka fitar da matsakaicin cinikin rana. Sai ka duba tazarar kowace rana da matsakaicin, ka ninka tazarar da kanta, ka fitar da matsakaicin waɗannan, sannan ka ɗauki tushensa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi; ita ce sigima. Manhajar Excel tana yin wannan da umarnin STDEV, ko a wayar hannu. A ce matsakaicinka dubu 400 ne, sigima kuma dubu 50. Idan cinikin yana taruwa kusa da matsakaici ba tare da ya rinjaya gefe ɗaya ba, kusan kashi 68 cikin ɗari na ranakunka za su faɗa tsakanin dubu 350 da 450, kashi 95 tsakanin dubu 300 da 500, kashi 99.7 kuma tsakanin dubu 250 da 550. Ke nan dubu 330 da ta tayar maka da hankali tana cikin abin da aka saba gani.

Inda za a ja layi ya danganta da nauyin kuskure. Masana kimiyya na CERN, wata cibiyar bincike a Turai, ba su sanar da gano wata ƙanƙanuwar ƙwayar halitta mai suna Higgs a 2012 ba sai da shaidarsu ta kai sigima biyar, shi kuwa Walter Shewhart, wanda ya ƙirƙiro taswirar sa ido kan ingancin kaya a Amurka a 1924, sigima uku ya ɗauka. A ganina, idan cinikin rana ya gaza matsakaici da fiye da sigima biyu, wato ya sauka ƙasa da dubu 300 a misalinmu, ka tambayi maƙwabtanka na layi yadda suka wuni. Idan tazarar ta wuce sigima uku, wato ƙasa da dubu 250, ka rufe shago ka ƙirga kaya. Zargin yaro da sata abu ne mai nauyi, kuma ko babu laifin kowa, kusan rana ɗaya cikin arba'in za ta gaza matsakaici da fiye da sigima biyu.

Sai dai mai ɗiban kaɗan-kaɗan ba zai taɓa kai ka wannan layin ba. Shi ya sa masana'antu ke da wata ƙa'ida ta daban: idan kwana takwas a jere duk suka zo ƙasa da matsakaici, ko da tazarar ba ta da yawa, to wani abu ya canza, kuma wannan ya fi rana ɗaya mai muni cancantar bincike.

Kada ka haɗa Juma'a ko jajibirin salla ko watan azumi da sauran ranaku, kowanne a yi masa lissafinsa daban. Tunda farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, ka riƙa rubuta yawan katan na taliya da buhunan sukari da suka fita, ba kuɗi kaɗai ba, ka kuma sabunta matsakaicin duk lokacin da farashin sari ya canza.