Amsa ga ƙanena: jinin da muke bayarwa a Ingila ba na sayarwa ba ne

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka ji gwamnatin Birtaniya ta sayar wa 'yan kasuwa kamfanin jini, kana mamakin yadda har yanzu mu Hausawan nan muke miƙa hannu a ɗebi namu kyauta. Tambayar ta dace, don mu ma mun sha yin ta a tsakaninmu.

Abin da aka sayar masana'anta ce. Jini in an tace shi, fiye da rabinsa wani ruwa ne mai launin ɗorawa, shi ake kira filasma. Da shi ake haɗa magungunan masu raunin garkuwar jiki da waɗanda jininsu ba ya daskarewa in sun ji rauni. Masana'antar, BPL, tana Elstree kusa da Landan. A Yulin 2013 gwamnatin David Cameron ta sayar da kashi 80 cikin ɗari na uwar kamfanin, Plasma Resources UK, ga Bain Capital na Amurka a kan kimanin fam miliyan 200. Shekara uku kacal, a 2016, aka sake sayar da shi ga Creat na ƙasar Sin a kan fam miliyan 820. Wannan lissafin har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. A shekarun 1970 da 1980 an shigo da magungunan jini daga Amurka, inda ake biyan masu bayarwa, har da fursunoni. Sama da mutum 30,000 suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar gurɓataccen jini da magungunansa, kimanin 3,000 suka rasu. Lord David Owen, wanda tun yana ministan lafiya a 1975 yake neman ƙasar ta dogara da kanta, ya fito ya soki cinikin masana'antar na 2013, kuma ina tare da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma lokacin cinikin, filasmar da masana'antar ke sarrafawa ba tamu ba ce. Tun 1998 aka hana amfani da ta mazauna Birtaniya saboda ciwon haukan shanu, sai 2021 aka ɗage. Namu jinin hukumar jini ta NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ke karɓa, ba ta biyan kowa ko sisi.

To, me ya sa muke zuwa? Sikila. Ka fi ni sanin abin da take yi wa gidajenmu. Yaron da ake sauya wa jini a kai a kai yana buƙatar wanda ya yi daidai da nasa sosai, kuma nau'in da ake kira Ro an fi samunsa a jikin baƙar fata. A nan ba a cewa uba ya nemo 'yan uwa su bayar, ko ya je bakin asibiti ya yi ciniki da mai sayarwa. Sai dai in mu ba mu je ba, 'ya'yanmu ne za su jira. Shi ya sa bayan sallar Juma'a za ka ji ana tuna wa juna, wani ya cika motarsa da mutane. Namiji yana iya bayarwa duk mako 12, mace duk mako 16. Wanda ya dawo daga gida kuwa sai ya jira watanni saboda zazzaɓin cizon sauro, don haka mun saba mu bayar kafin tafiya.

A kwantar da kai a kujera, a soka allura, jakar ta cika cikin 'yan mintoci, a ba ka abin sha da biskit. Bayan kwanaki saƙo ya shigo wayarka da sunan asibitin da aka kai jininka. Ranar da na fara samun nawa ina cikin bas, na karanta shi sau uku kafin na mayar da wayar aljihu.

Ka gaida Inna, ka ce mata jinin bai rage ni da komai ba.