Amsa ga ƙanena a Marwa kan karatun iskar rana

Ƙanena, ka rubuto kana tambaya ko ɗalibin fiziks na Jami'ar Marwa da ke Kamaru zai iya samun gurbi a Faransa don nazarin ƙwayoyi masu ƙarfi da ke yawo a can ƙarshen iskar rana. Zai iya, amma ina so ka san ainihin aikin kafin ka fara zirga-zirgar neman biza.

Rana tana watsa ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, wato furoton da ilektron, ta kowace fuska, wasu suna gudun kilomita 400 a daƙiƙa, wasu kusan 750; wannan ita ce iskar rana. Idan iska mai sauri ta cim ma mai tafiyar hawainiya, sai a samu igiyar karo, yawanci bayan an wuce ninki biyu na nisan duniya da rana. A bakin wannan igiya, tangarɗar filin maganaɗisu tana mayar da ƙwaya gaba da baya, kamar ƙwallo tsakanin bango biyu masu matsowa, kowace tsallakawa tana ƙara mata ƙarfi. Tushen tunanin na masanin fiziks Enrico Fermi ne a 1949, aka daidaita shi da igiyoyin karo a 1977 da 1978.

Abin da ya riƙe ni a fannin nan shi ne yadda kumbo biyu suka girgiza lissafin malamai. Voyager 1 ya ƙetare babbar igiyar karon da iskar rana ke rage gudu a cikinta a Disamba 2004, a ninki 94 na nisan duniya da rana, inda aka daɗe ana zaton nan ne matattarar wasu ƙwayoyi masu ƙarfi, sai ga shi yawansu ya ci gaba da hauhawa bayan an wuce wurin. Voyager 2 kuwa ya ƙetare a Agusta 2007, ya tarar da iskar ba ta yi zafin da aka hasashe ba, domin galibin ƙarfin ya tafi ga ƙwayoyin da suka shigo daga sararin taurari, iskar rana ta kwashe su a hanya. Har yau ana muhawara a kai, kuma a ganina nan ne matashi zai samu abin faɗa.

Aikinmu na yau da gobe lissafi ne da kwamfuta. Hukumar NASA ta buɗe bayanan Voyager kyauta a intanet, don haka tun kana Marwa ka koyi yaren kwamfuta na Python, ka ƙware a lissafin maganaɗisu, ka kuma dage da Turanci, domin da shi ake rubuta kusan duk takardun binciken, ko a nan Tulus ta Faransa. Kada kuma idonka ya tsaya a Turai kaɗai: cibiyar AIMS da ke Limbe a Kamaru tana horar da ɗalibai a lissafi, Jami'ar Arewa maso Yamma da ke Potchefstroom a Afirka ta Kudu kuwa ta yi suna a wannan bincike.

Ka sauko da bayanan Voyager 2 na 2007, ka zana yadda gudun iskar ya faɗi, ka aiko mini mu duba tare kafin ka haɗa shi da takardar neman gurbi.