Wuƙar farautar da aka ce ba ta tsatsa

Tambaya: Malam, ni mafarauci ne. Ɗana da ke Amurka ya aiko mini da wuƙa ƙirar hannu, ya ce ƙarfenta na Crucible ne, ba ya tsatsa. Haka ne? Kuma maƙerinmu zai iya ƙera mini irinta?

Amsa: Baba, Allah ya yi wa yaron albarka. Maganarsa da gaskiya a ciki, amma da saura.

Asalin sunan nan tukunyar yumɓu ce da ake narka ƙarfe a ciki. Da ita mutanen kudancin Indiya suka yi ƙarfen da aka ƙera takubban Dimashƙa, da ita kuma Benjamin Huntsman ya yi suna a Sheffield ta Ingila wajen 1740. Duk waɗannan suna tsatsa. Taka kuwa, ga alama, daga kamfanin Crucible na jihar New York ƙarfenta ya fito, inda, kafin a rufe masana'antar a 2025, aka riƙa fesa narkakken ƙarfe ya zama gari, sannan a matse shi da zafi ya dunƙule.

Abin da ke kare ta shi ne sinadarin kuromiyom. In ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, sai ya yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ido ba ya gani. Duba gindin ruwan wuƙar, kusa da ƙota. In an rubuta S30V, wato sunan nau'in ƙarfen, kashi 14 ne na kuromiyom a ciki. In MagnaCut ce, wadda ta fito a 2021, kashi 10.7 ne, amma an tsara haɗin yadda kuromiyom ɗin ba ya ɓata a wani wuri, shi ya sa ta fi jure danshi. Duk da haka, ka yi fiɗa ka mayar da ita kube da jini a jiki ta kwana, za ka iya tarar da ɗigo-ɗigon ja a bakinta. Kuben fata yana riƙe danshi, musamman da damina. Ka wanke, ka goge ta bushe, sannan ka shafa ɗan mai.

Batun maƙeri kuwa, ba raini ba ne, ƙarfen ne ba na zugazugi ba. Kafin ya yi tauri yana buƙatar zafi sama da digiri 1,000, a tsaye cak, a murhu mai ma'auni. Maƙerinmu da ido yake auna jan wuta, kuma wannan ƙarfe in an kuskure kaɗan sai ya tsage a kan uwar maƙera. Ko a can, yawancin masu yin irinta yanka ƙarfen suke su goge shi da inji, ba dukan masaba ba.

Wani abin da ba a faɗa maka ba: wasa ta da wuya. Kaifinta yana daɗewa, amma ranar da ya dakushe dutsen gida ba ya cin ta sosai, sai mawashi mai garin daimon. Ni dai da ni ne kai, ba zan ajiye tsohuwar wuƙata ta sifirin mota ba. Waccan ta sara da fasa ƙashi, wannan ta fiɗa kaɗai, don bakinta siriri ne, ƙashi yana iya ɓantare shi.