Kujera ta uku a ɗakin matuƙa jirgi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an buɗe ƙofa ga makanikan jirgi irinku, ana neman waɗanda za a sake horarwa su zama injiniyoyin cikin jirgi, masu tashi tare da matuƙa, kuma kana cikin waɗanda aka yi wa tayi. Amma abokan aikinka suna ce maka aikin ya mutu, kwamfuta ta cinye shi, kada ka saki reshe ka kama ganye. Shi ne kake tambaya: "Baba, in karɓa ko in haƙura?"

Ka karɓa. Sai dai ina so ka san abin da kake karɓa, don maganar abokanka akwai gaskiya a cikinta, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Mu fara da aikin kansa, tun da yawancin masu ba ka shawara ba su taɓa zama a ɗakin matuƙa injuna suna aiki ba. A cikin C-130H, jirgin dakon kaya da sojoji mai injuna huɗu wanda rundunar sojin saman Najeriya ta fara samu tun 1975, kujerarka tana tsakanin matuƙan biyu, ta ɗan ja baya. Bisa kanka allon makunnai ne: na mai, na lantarki, na iskar da ake matsawa cikin jirgi don mutane su iya numfashi a can sama. A gabanka kuwa agogo 32 ne na injuna, takwas-takwas ga kowane inji. Ba ɗaya bayan ɗaya ake karanta su ba. Ido ne yake sabawa da yadda allurai huɗu suke tsayawa a sahu ɗaya, har ya zama da zarar guda ta karkace daga 'yan uwanta ka gan ta. Matuƙi yana tuƙi, kai kana kula da lafiyar abin da yake tuƙawa. Kai ne mai juya mai daga wannan tanki zuwa wancan don kada fiffike ɗaya ya rinjayi ɗaya, kai ne mai lura da zafin cikin inji, wanda yakan haura digiri 1,000 a lokacin tashi.

Amma aikin yana farawa ne tun a ƙasa, tun kafin matuƙa su iso. Da tocila za ka zagaye jirgin. In ka ga ɗigo ƙarƙashin inji, sai ka dangwala da yatsa: in ja ne, man haidirolik ne, in yana warin kananzir, man jirgi ne, in mai kauri ne ya yi duhu, man inji ne. Kowanne da inda yake fitowa, kowanne da iyakar da littafi ya yarda a tashi da ita. Za ka tsiyayo mai daga gindin tanki cikin kwalba ka ɗaga ta wajen haske, don ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Za ka duba tayoyi da birki, ka tabbata an cire duk murafen nan masu jan ƙyalle. A nan ne shekarun da ka yi da sifana a hannu za su biya ka. Wanda ya taɓa kwance famfon mai da hannunsa, in allura ta motsa a sama, ya san wane ƙarfe ne yake kuka.

Abin da ya fi wuya a aikin nan ba ƙarfe ba ne, mutane ne. Ka ɗauka kuna Maiduguri a watan Afrilu, da azahar, zafi ya wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ma ba ya samun abin riƙewa yadda ya kamata. Kai ne za ka buɗe jadawali ka haɗa zafin rana da nauyin jirgi da tsawon titin tashi, ka fitar da ƙarfin da kowane inji ya kamata ya bayar da gudun da jirgi zai kai kafin ya ɗaga, da kuma abin da zai faru in inji guda ya mutu a daidai lokacin. Wani lokaci lissafin zai ce kaya sun yi yawa. A bakin ƙofar jirgi kuwa ga babban hafsa tsaye, wanda ko a hanya ka gamu da shi sai ka ƙame, yana so a ɗora komai a tafi yanzu. Dole bakinka ya iya cewa matuƙi, cikin ladabi, "Yallaɓai, da wannan nauyin ba za mu tashi ba, ko a rage kaya ko mu jira rana ta yi sanyi." Matuƙin kirki yana son jin wannan, shi ya sa aka zaunar da kai kusa da shi. In ka san zuciyarka ba za ta iya ba, ka tsaya a ƙasa, ba abin kunya ba ne. Mu da muka yi zamani ba ma mantawa da 26 ga Satumba 1992, ranar da C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashi daga Legas, injunansa uku sun mutu, aka rasa fiye da mutum 150, akasarinsu hafsoshi daga kwalejin Jaji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Babban jirgi in ya rasa ƙarfi yana kusa da ƙasa, mintocin da ake da su kaɗan ne ƙwarai.

Kwas ɗin ba wasa ba ne. Likitoci za su fara tantance ka, ido da kunne da zuciya da hawan jini, kuma za su riƙa maimaitawa muddin kana tashi. Littattafan duk da Turanci suke. Akwai matakan gaggawa da ake haddacewa, na gobara a inji da makamantansu, kuma ko hannunka yana kan makunni ba ka taɓa shi sai ɗan uwanka ya tabbatar cewa na injin da ya lalace ne, don kashe mai lafiya a bar mara lafiya ya sha hallaka jirage a duniya. Ka kuma yi shawara da iyalinka. Masu C-130 na zamaninmu su ne suka yi ta jigilar dakarun ECOMOG, masu kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, zuwa Laberiya da Saliyo, kuma mai wannan aikin bai cika sanin inda zai kwana ba. Akwai alawus na tashi, gaskiya ne, amma kada ya zama shi ne ya ja ka. Ka riƙa toshe kunnenka, ƙarar farfela tana cin ji a hankali.

To, ga gaskiyar abokanka. Kujerar tana ƙarewa. A jiragen fasinja ta riga ta tafi. Boeing 727 da tsofaffin 747, irin waɗanda Kabo Air ya yi ta jigilar alhazai da su daga Kano, duk mutum uku ne a gaba. Daga farkon shekarun 1980 aka fara ƙera manyan jirage na matuƙa biyu kawai, kuma da 747-400 ya fito a 1989 babu kujerar injiniya a cikinsa. Shi kansa C-130 ɗin, sabon samfurinsa na J ba ya ɗaukar injiniya. Jiragen yaƙi Super Tucano da JF-17 da suka iso mana a 2021 ba su da wurinka, balle jirage marasa matuƙi. Inda ta rage shi ne tsofaffin C-130, waɗanda har yanzu suke aiki a nan da Nijar da Kamaru, sai jirage masu saukar ungulu ƙirar Rasha irin su Mi-17. Waɗannan za su ɗauke ka wasu shekaru, amma kada ka sa ran in ka tuɓe kaki wani kamfanin fasinja zai neme ka a matsayin injiniyan cikin jirgi.

Me ya sa duk da haka na ce ka karɓa? Don abin da kujerar take koyarwa ba ya tafiya da ita. Makaniken da ke ƙasa ya san injinsa, ko lantarkinsa, ko birkinsa. Wanda ya zauna a tsakiya ya san jirgin baki ɗaya, ya ga yadda ɓacin janareto yake taɓa famfon mai, ya ji da jikinsa abin da matuƙi yake nufi in ya rubuta cewa jirgi yana karkarwa. Irin wannan mutumin ake nema ya shugabanci masu gyara, ko ya duba ingancin aikin wasu, ko ya koyar a makarantu irin su AFIT, kwalejin fasaha ta sojin sama a Kaduna, ko ya shiga binciken haɗurra.

Sharaɗin shi ne kada ka ajiye sifana. Na ga waɗanda suka sa rigar tashi suka fara ƙyamar baƙin mai, suna wuce tsofaffin abokansu a rumfar gyara kamar ba su san su ba, kuma da aka ajiye jirginsu sai suka zama ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Ranar da ba ka tashi, ka shiga cikin masu gyara. Duk aikin da ka yi da duk sa'ar da ka tashi ka rubuta a littafinka, ka sa wanda ya cancanta ya sa hannu a ranar, don bayan shekaru ba za ka same shi ba. Sannan ka sani takardun soja ba sa juyewa da kansu su zama na farar hula. Lasisin injiniyan gyaran jirgi hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ce take bayarwa, da jarrabawarta, kuma kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, NCAT, tana horar da masu nemansa. Da shi ne kamfanonin jirage da masu jigilar ma'aikatan mai a Fatakwal za su saurare ka. Ka fara nemansa tun kana cikin kaki, tun kanka yana ɗaukar karatu, kada ka bari sai takardar ritaya ta zo.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi manyanka abu biyu: wane jirgi za a horar da kai a kansa, kuma shekara nawa za a ɗaure ka da aiki bayan kwas. Ka je a auna idonka da kunnenka tun yanzu. In sun fita lafiya, ka nemi littafin jirgin ka fara da babin mai da na lantarki, don nan ne yawancin sababbi suke tuntuɓe. Duk inda ya shige maka duhu ka kawo mini mu duba tare. Ka gai da maiɗakinka da yara.