Amsa ga mai tambaya kan Boléro na Ravel

Ƙanena, ka ce an ba ka aikin nazarin Boléro, kiɗan taron makaɗa na Maurice Ravel, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, ka saurara sau biyu ba ka ji komai ba sai maimaici, kana neman abin da za ka rubuta. Ni ma abin da na faɗa ke nan ranar farko. Malaminmu bai ja da ni ba, takarda ya miƙo mini ya ce in ja layi 18, duk sanda karin ya dawo in rubuta wanda ke riƙe da shi.

A nan kunnena ya buɗe. Kari biyu ne kacal a kiɗan, suna karɓeɓeniya, ƙaramar ganga irin ta fareti kuma tana buga salo ɗaya sau 169 ba ta sauya ba. Abin da ke sauyawa shi ne muryar kayan kiɗa. Sarewa ce ke farawa, a hankali ƙwarai, sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Kilarinet ya karɓa, basun (dukansu kayan busa ne) ya biyo da kari na biyu da wata siririyar murya wadda ba a saba jin sa da ita ba. Can gaba sakzofon biyu su shigo, ka ji ƙamshin jaz, wanda Ravel ke ƙauna.

Wurin da na fi so ka tsaya shi ne layi na 9. Ƙaho ɗaya, ƙananan sarewa biyu da selesta (mai kama da ƙaramin fiyano, mai sautin ƙararrawa) suna tafiya tare, amma sarewar nan kowace a matakin sautinta daban. Na mayar da wurin ya fi sau 10 ina neman ogan ɗin coci, domin shi kunnena ke ji, alhali babu shi a cikin makaɗan. Ravel ne ya haɗa muryoyi huɗu suka haifi ta biyar. Salonsa ke nan, aiki ne na ƙididdiga, shi ya sa Stravinsky, wani mai tsara kiɗa, ya kamanta shi da mai ƙera agogon Suwizalan. Mahaifin Ravel injiniya ne, mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Bask, an haife shi a 1875 a Ciboure dab da iyakar Sifen, ka ga inda son rawar Sifen ya samo asali.

Kada ka manta kiɗan rawa ne. Wata mai rawa, Ida Rubinstein, ce ta nemi Ravel ya tsara shi, aka fara nuna shi a gidan Opera na Faris ranar 22 ga Nuwamba, 1928.

Sannan ka lura da ƙarshe. Tun farko kiɗan na zaune a matakin sauti na C, sai dab da kammalawa ya ɗaga zuwa E na ɗan lokaci, ya dawo ya rushe gaba ɗaya. Har yau tsigar jikina na tashi a wurin, kuma dogon jiran da ka kira maimaici ne ke ba shi wannan ƙarfi.

Ka zaɓi faifan da ba a yi gaggawa ba. A 1930 Toscanini, jagoran makaɗa, ya tafi da shi da sauri a Faris, ran Ravel ya ɓaci, domin shi kimanin minti 17 yake nufi. In ka cika layukanka ka turo, mu duba inda turombon, wani ƙahon tagulla, ya shigo tare.