Yaya ake zama mai gyaran magana?

Tambaya: Malam, ƙanena yana da in'ina tun yana ɗan shekara 4, kuma na ji ana cewa akwai masu aikin gyaran magana a asibiti. Ni ɗaliba ce da ta gama sakandare, ina so in san irin karatun da ake yi kafin a kama wannan aiki.

Amsa: 'Yar'uwa, na ji daɗin tambayarki, domin fanni ne da muke da ƙarancin ma'aikatansa ƙwarai. Aikin ya wuce in'ina da tsamin baki: mai gyaran magana yana duba yaron da ya makara bai fara magana ba, da wanda aka yi wa tiyatar tsagewar leɓe da ganɗa, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa kalmomi, har ma da majinyacin da haɗiyar abinci take gagararsa, saboda gaɓoɓin da ake magana da su kusan su ne ake haɗiya da su.

Shi ya sa karatun yake haɗa ilimin tsarin jiki da na ƙwaƙwalwa, da ilimin furuci da nahawu, da ilimin ji, da na halayyar yara. A Amurka sai an yi digiri na biyu, da awa 400 na koyon aiki a gaban ƙwararre, sannan a yi aikin gwaji na aƙalla mako 36. A Ingila digirin farko na shekara 3 ko 4 ya isa a nemi rajista. A Najeriya kuwa, Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da fannin a sashenta na ilimin masu buƙata ta musamman, kuma hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da majinyata (MRTB), wadda aka kafa a 1988, ita ke ba da lasisi. Saboda haka, kafin ki sayi fom, ki tabbatar hukumar ta amince da kwas ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Yawancin gwaje-gwajen da ake auna maganar yara da su an tsara su ne da Turanci, alhali yaron Kano ko na Damagaram da ƙ, ɗ da ɓ yake kokawa, da dogon wasali da gajere, da hawa da saukar murya. Wanda bai ji Hausa ba ba zai gane cewa yaron da ya ce "baki" yana nufin "baƙi" ya canza ma'ana ɗungurungum ba, kuma ba zai iya zama da uwar yaron ya nuna mata abin da za ta riƙa yi a gida ba, wanda shi ne rabin maganin. Hausarki jari ce a wannan aiki.

Game da ƙanenki, ku daina katse shi ko ƙarasa masa zance, kada kuma a yi masa tsawa ko dariya. Ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ku nemi a haɗa ku da mai gyaran magana.